Ragon da Na Mayar Tarauni

Laraba, 2 ga Yuli, bayan Azahar

Na zama kaka. Ni Inuwa kafinta na Gyaɗi-Gyaɗi, jiya da yamma na zama kaka. Mace ce. Alhamdu lillahi.

Bakwaini ce, don haka suka sa ta a kwalba. Ta gilashi na gan ta. Wata nas ta nuna mini da yatsa ta ce, "Baba, ga taka can, ta jikin bango." Ba ta fi tsawon gudumata ba, amma tana ta wurga hannu kamar mai ciniki a kasuwa. Na ce wa nas ɗin wannan amaryata ce, a kula mini da ita. Ta ce sai na kawo lefe tukuna.

Uwarta, 'yata Huraira, ba ta farka ba. Aiki biyu aka yi mata a rana ɗaya. Na farko shi ya ba ni jika. Na biyun, likita ya tsayar da ni da mijinta Muntaka a baranda ya yi mana bayani, ya nuna a ƙafarsa inda suka tsaya. Ba zan rubuta ba.

Lokacin da muke makarantar dare, Malam Habibullah yakan ce wanda ya koyi rubutu da furfura, in bai yi kullum ba hannu zai manta. Shi ya sa nake yi. Yau ma hannun yana tafiya.

Huraira kaɗai Allah ya raya mana ni da matata Hauwa, kuma ta daɗe tana jiran haihuwa. Alhamdu lillahi.

Alhamis, 3 ga Yuli, da hantsi

Ta farka. Ta tambayi 'yarta. Ɗayan abin ba ta tambaya ba, ta dai daɗe tana kallon bargon.

Asabar, 5 ga Yuli, bayan La'asar

Gida cike da mutane. Ba su san wanne za su yi ba, barka ko jaje. Wasu sukan haɗa su a numfashi ɗaya. Ni barkar nake amsawa.

Kowa ya zo sai ya ce tsautsayi, wai ba ya wuce ranarsa. Haka ne. Amma Huraira ba a tsakiyar titi take ba. A gefe take, ta taso daga firamaren da take koyarwa a Daurawa, da littattafan yara a hannu. Samari ne da suka gama jarrabawarsu ta ƙarshe suka fito wasan mota, ana yi musu tafi. Wata motar ta ƙwace ta taka ta. Mai tuƙin bai tsaya ba. Sunansa Sadiq, ɗan Alhaji Ɗan'azumi na Tarauni. An kama shi, jiya kuma aka ba da belinsa.

Na san gidan. Ni na yi musu ƙofofi, lokacin yaron yana rarrafe.

Muntaka ya kawo kayan Huraira, don a nan za ta yi jego. Hauwa ta buɗe wata jaka ta ga takalma ne, ta mayar ta zuge, ta tura ƙarƙashin gado. Ba mu kalli juna ba.

Talata, 8 ga Yuli, bayan Asuba

An raɗa suna a masallaci. Zahra. Goro da dabino kawai aka raba. Muntaka ya ce rago sai uwa da 'ya sun dawo gida, a yanka suna kusa. Na san asibiti ya cinye tanadinsa, amma ba a yi wa suruki wannan maganar.

Zahra. Na rubuta shi a bayan wani katako, na kasa yanka katakon.

Alhamis, 10 ga Yuli, bayan Azahar

Wata mata ta zo ɗakin da Huraira take kwance, da laima a jiƙe. Ta rusuna ta gaishe ni, "Baba, ina wuni? Ya mai jiki? An ce mini ka yi sabuwar amarya." Ashe nas ɗin nan ta baza ni.

Sunanta Barista Rebecca, mutuniyar Kudancin Kaduna ce. Ta ce su lauyoyi ne 'yan kaɗan, ofishinsu yana Tarauni a saman wani kantin magani, aikinsu tsaya wa wanda aka cuta. Na ce ai gwamnati ce take ƙarar yaron, ga ɗan sanda mai gabatar da ƙara.

Ta ce, "Gaskiya ne, Baba. Gwamnati tana da mai yi mata magana, yaron yana da lauya. Wadda abin ya faɗa wa ce kawai ba ta da kowa a ɗakin. Ni zan riƙe mata wuri har ta iya zuwa."

Na tambayi abin da za mu biya. Ta ce addu'a, in akwai ragowa.

Daga nan ta ja kujera, ta ba ni baya, ta ce wa Huraira, "Malama, me kike so a yi?"

Na buɗe baki zan amsa. Ta ɗaga hannu, ko waiwaye ba ta yi ba. "Baba, yi haƙuri, ita nake tambaya."

Raina ya ɗan sosu. Yarinya ce, ba ta kai Huraira ba ma, ina tsammani.

Huraira ta ce, "Ban sani ba tukuna."

Barista ta ce, "To, ita ma amsa ce. Ba ki sani ba tukuna, kuma babu wanda zai sani a madadinki."

Sai da ta tafi na lura: tun ranar Talatar nan ban ji wanda ya kira ta Malama ba. Kowa mai jiki, mai jiki. Allah ya saka wa yarinyar nan.

Lahadi, 13 ga Yuli, da yamma

Na kafa katako a jikin bangon banɗaki, daidai kamun hannu. Na cire dokin ƙofar ɗakin da za ta zauna. Hauwa ta riƙe mini ƙusa, ba ta ce me ake yi ba.

Laraba, 16 ga Yuli, bayan Magariba

Yau na ɗauke ta! An fito da ita daga kwalba, aka sa ni na wanke hannu har gwiwa, aka ɗora mini ita. Ba ta kai nauyin hulata ba. Ta buɗe ido ɗaya ta kalle ni, ta mayar ta rufe. Nas ta ce, "Ka gani, Baba, ba ta yi na'am da angon ba." Alhamdu lillahi, alhamdu lillahi.

Na dawo gida ban san ina taka ƙasa ba. A ƙofa na tarar an shimfiɗa tabarma: ga limaminmu, ga dattawa biyu daga Tarauni, ga Malam Habibullah a gaba. Ashe uwar Sadiq yayarsa ce. Malam Habibullah na girme shi nesa, amma shi ya kama hannuna ya koya mini rubuta sunana, har yau ba na zama a kujera yana ƙasa.

Ya ce, "Baba Inuwa, da kunya muka zo. Yaro ya yi ɓarna, ba mu da bakin magana. Alhaji ya kasa zuwa, ya ce ba zai iya haɗa ido da kai ba. Ga wannan, ya ce a yi wa jika suna."

Rago ne fari, ƙato, mai baƙin kunne.

Na ce, "Haba, Malam! Ba komai. Yau na ɗauki jikata da hannuna, wa zan riƙe a zuci? Allah ya riga ya saka mana. Allah ya kiyaye gaba."

Liman ya ce a shafa Fatiha. Aka shafa. Aka watse ana ta sa mini albarka.

Da na shiga da ragon, Hauwa tana tsaye a bayan ƙyaure. Ta ce, "Malam, me ka ce musu?" Na ce abin da ake cewa. Ta koma madafi.

Juma'a, 18 ga Yuli, da safe

Ragon nan akwai ci. Dusa, harawa, har igiyar shanya ya gwada. In na fito yakan bi ni da ido. Muntaka ya zo jiya ya gan shi, ya tambayi Hauwa, ta gaya masa. Ya gaishe ni kamar kullum, ya tafi bai sha ruwa ba.

Litinin, 21 ga Yuli, bayan La'asar

Kotu.

Lauyan yaron ya miƙe ya yi Turanci mai tsawo. Nawa na makarantar dare bai kai can ba, amma na ji sunana, na ji an ambaci liman. Barista Rebecca ta waiwayo ta kalle ni, sannan ta miƙe ta nemi izinin magana. Aka yi ta kai da komo, alƙali yana rubutu.

A waje, ƙarƙashin rumfa, ana yayyafi, ta ce, "Baba, akwai rago a gidanka?"

Na ce akwai.

Ta dafe kai. "Kai, Baba! Da ka kira ni."

Na ce barka suka kawo.

Ta ce, "Baba, barka ba ta zuwa da liman da shaidu biyu da Fatiha."

Ga abin da aka ce a ciki: uban yarinya ya yafe a gaban dattawa, ya karɓi kyauta, iyalai sun sulhunta, don haka a rufe shari'a. Ita ta roƙi alƙali ya jira ya ji daga bakin Huraira. Ya yarda. Ya sa Litinin, huɗu ga Agusta. Ya ce in ba ta zo ba, zai duba maganar sulhun.

Na ce, "Yanzu yafiya ta zama laifi?"

Ta ce, "A'a, Baba. Mu ma a coci kullum wa'azinta ake mana. Amma ba a yin sadaka da hatsin rumbun wani."

Ba ta yi mini faɗa ba. Laimarta ma ta ba ni, ta shiga ruwan haka nan. Da ta yi faɗan da ya fi mini sauƙi.

Talata, 22 ga Yuli, da hantsi

Gobe za a sallame su. Zan bari Huraira ta huta tukuna, sannan in gaya mata maganar ragon.

Laraba, 23 ga Yuli, bayan Isha'i

Sun dawo gida. Amaryata ta tare. Maƙwabta mata suka yi guɗa ƙasa-ƙasa. Muntaka ne ya shigo da Huraira a keken asibiti, keken ya wuce ƙofar bai tokare ba. Alhamdu lillahi.

Ban samu na bari ta huta ba. Ragon ne ya yi kuka.

Ta ce, "Inna, Muntaka ya sayi rago?" Hauwa ta ce ta tambayi ubanta.

Na zauna a bakin ƙofa na gaya mata duka, yadda ya faru, har abin da aka ce a kotu. Tana shayar da Zahra, ba ta ɗago ba.

Can ta ce, "Baba, kai ne a ƙarƙashin motar?"

Na ce a'a.

Ta ce, "Wanda aka yanke wa shi yake yafewa, Baba. Ni ban ma ce ba zan yafe ba. Amma ko tambayata ba a yi ba. Ina kwance kun gama, har da Fatiha."

Tun tana ƙarama ba ta taɓa ɗaga mini murya ba, yau ma ba ta ɗaga ba.

Ta ce, "Ba za a yanka wa 'yata wannan ba."

Alhamis, 24 ga Yuli, da yamma

Ta gaishe ni da safe. Gaisuwar kawai.

Juma'a, 25 ga Yuli, bayan La'asar

Na sami Malam Habibullah bayan masallaci. Ta hannunsa ragon ya zo, na ce ta hannunsa ya kamata ya koma.

Ya ce, "Baba Inuwa, kyauta ba ta komawa. An shafa Fatiha a gaban manya. In ka mayar, ni ka tozarta, ba Alhaji ba."

Na ce, "Malam, kai ka koya mana in mutum ya yi kuskure a rubutu ba ya yage shafin, layi yake ja a kai ya gyara a gaba."

Bai yi murmushi ba. Ya ce, "Yayata ba ta cin abinci. Ɗanta za a ɗaure. Ni ba zan ja ragon nan ba. In za ka mayar, ja abinka."

Ya tafi bai ba ni hannu ba. Mutumin da ya buɗe mini ido.

Na shiga gida na ɗauki Zahra na daɗe. Tana da wani ɗan baƙin tabo a bayan kunne, irin na uwata.

Asabar, 26 ga Yuli, bayan Azahar

Na mayar.

Da hantsi na fita, ido na ganin ido, don yadda ya shigo a gaban mutane haka ya kamata ya fita. Hauwa ta ce in sa shi a adaidaita. Na tsayar da ɗaya, direban ya leƙo ya ce, "Baba, ai Sallah ta wuce!" Ragon ya kafe ƙafafu ya ƙi shiga. Sai muka taka.

Ban san ragon nan ya saba da gidana haka ba. In na ja gaba ya ja baya. Mai shayi ya ce, "Malam Inuwa, nawa aka taya?" Na ce ba na sayarwa ba ne. Waɗanda suka sani ba su yi wasa ba, sun dai bi ni da kallo daga bakin shagunansu. A wajen kasuwa ya fizgi ɗaurin alayyahun wata mata, ta ce mini, "Tsoho, ka koya wa ɗanka tarbiyya mana!" Sai da na sayi alayyahun. Ya kuma ja ni cikin taɓo har idon sawu. Haka na isa ƙofar Alhaji Ɗan'azumi, wando ya yi kaca-kaca, da rago a hannu ɗaya, da ragowar alayyahu a ɗayan.

Shi da kansa ya fito, ba hula. Ya rame ƙwarai. Ya kalli ragon ya kalle ni.

Ya ce, "Malam Inuwa, ɗana ne. Shi kaɗai ne namiji."

Na ce, "Na sani, Alhaji. Abin da na ce a nawa ɓangaren yana nan, ban riƙe shi a zuci ba. Amma na ba ku abin da ba nawa ba. In akwai magana, mai ita tana gida."

Ya ce, "Yanzu ni da girmana, 'yar cikina zan je in durƙusa wa?"

Na ce, "Ita ɗanka ya taka, Alhaji."

Na miƙa masa igiyar bai karɓa ba. Na ɗaure a jikin ƙofar. Har na sha kwana ina jin kukan ragon.

Da na shigo gida Huraira ta ga wandona ta taga. Ta ce, "Inna, a ɗora wa Baba ruwan zafi." Ta ce mini, "Sannu, Baba."

Alhamdu lillahi.

Lahadi, 27 ga Yuli, bayan Magariba

A masallaci an matsa mini sahu fiye da yadda nake bukata. Liman ya ba ni bakin yatsu. Wani ya ce lauyar nan ce ta zuga ni. Na ce ko sau ɗaya ba ta ce in mayar da rago ba, kuma gaskiya ce.

Talata, 29 ga Yuli, bayan La'asar

Na je ofishin su Barista in mayar mata da laima. Ɗaki ɗaya ne, tebur biyu, da kujerun roba da ba su ishi kowa ba. Mutane a tsaye har kan bene. Ban san muna da yawa haka ba.

Na tsaya kusa da wani dattijo, Baba Elisha, tsohon malamin makaranta, mutumin Filato ne amma a Hotoro ya tsufa. Ɗansa aka sara saboda waya, hannun bai dawo ba. Ya ce shi ma an zo masa da dattawa. Na ce me ya ce musu? Ya ce ya shiga banɗaki ya ƙi fitowa har suka gaji suka tafi. Muka yi ta dariya a kan bene har aka leƙo ana kallonmu. Na ce da na san wannan dabarar da ban taka taɓo ba.

Barista ta ji labarin ragon tun kafin in zo. Ta ce, "Baba, an ce har alayyahu ka kai musu." Garin nan ba a ɓoye komai.

Na auna bangon da hannu. Ina da katako mai kyau da na ajiye ban san na mene ne ba. Zan yi musu benci biyu, masu majingina, don tsofaffi. Ta ce ba sa karɓar komai daga masu ƙara. Na ce ba naku ba ne, na Baba Elisha ne.

Ta ce in hannuna yana ƙaiƙayi, ƙofar kotun tana da matakala, kuma ta nemi izini a ɗora katako a kai ranar Litinin. Na ce ta bar mini.

Alhamis, 31 ga Yuli, da yamma

Barista ta zo gida. Sun daɗe a ɗaki ita da Huraira. Ni ina tsakar gida ina fafe katako, da gangan nake buga guduma don kada in ji.

Asabar, 2 ga Agusta, bayan Azahar

An yanka ragon Zahra. Muntaka ne ya kawo abinsa, ɗan ƙarami, ja, ba shi da wani ƙaho. Ban taɓa cin nama mai daɗinsa ba. Waɗanda suka zo sun zo. Malaman makarantar Huraira suka cika tsakar gida, suka kawo gaisuwar 'yan ajinta, wai allo ya yi kewarta. Ta yi dariya har da hawaye. Na sa sabuwar riga, aka ce ango ya sha ƙamshi. Na ce amarya ce dai take barci a wajen bikinta.

Malam Habibullah bai zo ba. Na aika masa da nama, bai dawo da shi ba. Shi ya san kyauta ba ta komawa.

Lahadi, 3 ga Agusta, bayan La'asar

Huraira ta ce ba za ta je kotu ba. Ta ce kowa zai zuba mata ido, kuma ba fuskarta za a kalla ba. Ta ce ba ta son ganin yaron.

Hauwa ta fara lallashi. Muntaka ya kira Barista a waya ya sa a kunnen Huraira. Na ji muryar kaɗan-kaɗan: "In ba ki je ba, ba laifi, Malama. Zan roƙi wata rana. Ba zan yi miki alkawarin za a ba mu ba, amma zan roƙa. Ke kika san jikinki."

Huraira ta kalle ni. Maganganu sun cika mini baki. Ƙafafuna har yanzu suna ciwo daga tafiyar Tarauni, zuciya tana ce mini in faɗa mata haka. Na haɗiye. Na ce, "Yadda kika gani."

Litinin, 4 ga Agusta, bayan Asuba

Ta ce wa uwarta ta jawo jakar takalman nan ta ƙarƙashin gado. Ta zaɓi baƙi, wanda take zuwa makaranta da shi. Guda ɗaya ta ɗauka.

Litinin ɗin dai, bayan La'asar

Katakon ya zauna daidai, keken ya hau bai girgiza ba. Hauwa ta zauna a waje da Zahra.

Da Hausa Huraira ta yi magana. Muryar aji ta yi, wadda na baya ma yake ji. Ta faɗi inda take tsaye, da abin da take riƙe da shi, da yadda ta ga motar tana juyi. Ta ce abin da ta fi tunawa tafi ne, har yanzu in yara suka yi tafi a lungu sai gabanta ya faɗi. Ta roƙi alƙali ya ce wa Sadiq ya ɗago kai. Ya ɗago. Yaro ne. Ya kalli inda kowa yake gudun kallo, ya fashe da kuka. Ba ta kawar da ido ba.

Alƙali ya ce, "An gaya wa kotu kin yafe."

Ta ce, "Ranka ya daɗe, babana ya yafe nasa. Mutumin kirki ne, kuma ranar ya fara ɗaukar jikarsa. Nawa yana hannuna tukuna."

Alƙali ya rubuta. Ya ce babu sulhu a gaban kotu, shari'a za ta ci gaba, a kawo shaidu. Barista ta miƙe ta ce za ta gabatar da maganar magani, da abin da Malama za ta taka da shi ta koma aji. Ya ce ta kawo a rubuce.

Malam Habibullah yana bencin baya. Da muka fito ya matsa ya ba keken hanya.

A adaidaita Huraira ta yi barci, kanta a kafaɗar uwarta. Alhamdu lillahi. Allah ya yi wa Rebecca albarka, ita da waɗanda suka haife ta.

Alhamis, 7 ga Agusta, da hantsi

Na kai bencinan. Baba Elisha ya fara zama, ya jingina, ya ce ba zai tashi ba ko an kira shi. Wata mata tana kuka a kan bene, na ce ta zo ta zauna. Ban tambaye ta komai ba.

Lahadi, 10 ga Agusta, bayan La'asar

An yi sallama da hantsi. Malam Habibullah ne, da wata dattijuwa a bayansa cikin dogon hijabi. Yayarsa, uwar Sadiq. Ba liman, ba dattawa, ba su riƙo komai ba.

Na ɗauko tabarma. Ya ce, "Baba Inuwa, ba wurinka muka zo ba. In Malama za ta yarda ta gan mu."

Na ce madalla, bari a tambaye ta.

Huraira ta ce su jira, ta kira Barista. Suka jira a zaure har aka tashi daga coci. Barista ta iso da kayan cocinta, da ɗankwali mai tsayi da ƙyar ya wuce ƙofa. Suka shiga duka, har da Hauwa. Ni na ɗauki Zahra na fito zaure, na zauna a kan tulin katako ina yi mata hira a kan tsadar ƙusa.

Sun daɗe. Da suka fito idon dattijuwar ya yi ja. Ta tsaya ta kalli Zahra, ta miƙo hannu kamar za ta taɓa ta, ta fasa. Malam Habibullah ya ba ni hannu, hannu sosai. Ya ce, "Rubutun yana tafiya?" Na ce kullum. Barista ta ce, "Baba, sai ranar zama," ta wuce. Fuskarta ba ta gaya mini komai ba.

Hauwa ta biyo ni zaure, bakinta cike da labari. Ta tsaya, ta gyara ɗaurin zane, ta sake tsayawa.

Ta ce, "Malam, ba za ka tambayi abin da ta ce musu ba?"

Na ce a'a. In tana so in sani, ta san inda nake.